Jinin Saude Mai Fura

A shekarar da aka ba Arewa mulkin kanta, in ka shiga Rano kana neman Malam Ishiyaku mai awon jini, ba wanda zai tsaya yi maka dogon kwatance. Ka zaga bayan ɗakin shan magani, za ka ji wani abu yana gurnani kamar ana niƙa, to nan ne. Injin juya jini ne, na hannu, wanda Ishiyaku ya fi ji da shi a kan kekensa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mutumin nan yake goge kekensa ya san ba ƙaramar magana na faɗa ba.

Abin da ya kawo shi Rano maganin kuturta ne. A da, in cutar ta kama mutum, sai a kai shi sansanin masu jinya can nesa da gida, wani ya dawo, wani sai labari. Da farar ƙwayar maganin ta zo, sai aka ce kowa ya zauna a gidansa, ya riƙa zuwa ranar kasuwa yana karɓar ta mako guda a ƙunshin takarda, yana haɗiyar ɗaya kullum. Mutane suka yi ta hamdala. Amma likitan da ke zuwa daga Kano duk wata, wani Bature da ake ce wa Mai Lofe, bai yarda kowa yana haɗiyewa ba. Ya ce wasu sayarwa suke, wasu zubarwa, kuma baki yana ƙarya amma za a tambayi jini. Shi ya sa ya turo Ishiyaku, wanda ya yi shekara uku yana koyon aikin a Kano, ya kuma kafa doka: duk wanda aka auna sau uku maganin bai kai ba a jininsa, za a sa shi a mota a kai shi sansani, inda za a riƙa ba shi a baki ana kallo.

Ishiyaku kuwa yana son aikinsa, so na gaske. Ya ɗebi jini a hannun mutum, ya zuba a siririyar kwalba, ya ɗora a injin ya yi ta murzawa har kafaɗarsa ta yi tsami. In ya tsaya, ja ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Wannan ruwan jinin shi ne abin nemansa, don a cikinsa magani yake yawo. Ya tsotso shi da bututun gilas daidai layi, ya zuba masa ruwan asid ya tsinke kamar nono, ya tace da takarda har ya koma garau. Sannan ya ɗiga masa ruwa iri uku, ɗaya bayan ɗaya, yana duba agogo a tsakani, don in ka yi gaggawar minti ɗaya ka ɓata aikin yini. Da na ukun ya sauka, in akwai magani, sai ruwan ya juye ya zama kamar zoɓo. A kan taga yana da kwalabe shida a jere, waɗanda shi da kansa ya auna maganin da ke cikinsu, daga ta ɗaya mai haske har ta shida mai duhu. Sai ya ɗaga ta mutum ya kara da su a hasken rana. Mai shan ƙwayarsa yadda aka ce, a ta huɗu yake tsayawa.

To, jinin Saude mai fura ta Tarai a ta biyu ya tsaya. Watan farko biyu, wata na biyu biyu. Ga shi yanzu na uku, Ishiyaku ya ɗaga ya kara, ya matsa gefen taga ya sake karawa, biyu ce ba ƙari ba ragi.

Kansa ya fara tuhuma, kamar yadda aka koya masa. Ruwan ɗigawa na ukun nan ba ya son haske ko zafi, a baƙar kwalba yake ajiye shi a gindin randa. Ya zubar da shi ya haɗa sabo, ya sake aikin tun daga farko da ragowar ruwan jinin. Ya sake samun biyu.

"Ka huta da wahala," in ji Ɗanmalam, malamin da ke raba ƙwaya a Kibiya, wanda ya leƙo yana cin gyaɗa a ɗakin da aka hana cin komai. "Tsohuwa ta samu kasuwa. Kana ganinsu haka shiru-shiru, sun fi ni da kai wayo."

"Fitar min da ɓawon gyaɗa tukuna," in ji Ishiyaku. "Mai sayarwa na san jininsa, fari fat yake fitowa. Mai mantuwa yau ɗaya ne, gobe uku. Masu wayon da kake faɗa, waɗanda suke haɗiye ta mako guda ana gobe awo, su kuma har ta shida suke wucewa. Amma biyu, biyu, biyu? Wannan ba sakaci ba ne, Ɗanmalam. Wannan da ma'auni ake yin sa."

"To, kai da ma'auninka. Mai Lofe dai saura kwana tara ya zo, kuma sunanta zai nema."

Nan ne abin ya tsaya wa Ishiyaku a rai. Ya san Saude. Mace ce da ta doshi sittin, gajeriya, mai faɗa kamar me, wadda duk ranar awo sai ta ce masa jinin nata da yake kwasa ko miya yake yi da shi. Ranar da aka karanta musu dokar, ta miƙe a gaban kowa ta ce in aka ɗauke ta daga Tarai, gawarta za a mayar. Dariya aka yi, amma shi ya ga idonta, kuma ya san ba wasa take ba. Yanzu alƙalaminsa ne zai sa ta a motar.

Ranar kasuwar Kibiya ya ja ta gefe ya tambaye ta.

"Inna, tsakaninki da Allah, kina shan ƙwayar nan?"

"Kullum ta Allah, bayan na yi sallar asuba. Ka ga na yi kama da maƙaryaciya?"

"Duk ɗayar kike sha?"

Sai ta gyara lulluɓi, ta ce rana tana yi, furarta za ta yi tsami, ta yi gaba abinta. Ishiyaku ya bi ta da kallo. Ta rantse a kan tambayar farko, ta biyun kuwa ta tsallake ta.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ya hau keke ya nufi Tarai. An gama girbi, hanya duk karan dawa, ƙaya ta huda masa taya sau ɗaya, abin da ya sa ya isa yana ƙunƙuni. Maigidan Saude ya daɗe da rasuwa, saboda haka surukarta Luba ce ta amsa sallama, aka yi masa iso aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu. Saude tana zaune tana dama fura, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yau kuma har gida aka biyo jinin?"

"Gaisuwa na kawo, Inna. Kuma likita ya ce a riƙa duba mutanen gidan duk mai karɓar magani. 'Ya'yanki nawa?"

"Akwai Tani, tana aure a Kibiya. Akwai Fatu a Zinyau. Sai Mato, autana, ya bi mota Kano, Allah Ya shirye shi."

"Su uku ke nan?"

"Huɗu dai," in ji Luba daga bakin murhu, tana danne dariya. "Ta bar maigidan nan, Ramalan. Shi ne na fari."

Saude ta yi kamar da bango ake magana. Ishiyaku bai yi mamaki ba, don shi ma ɗan fari ne. Tasa uwar, a Zinyau, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, "mai keken nan" take ce masa, kafin ya sayi keke kuma "wancan" ne. Haka aka tarar. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da zazzaɓi zai kayar da shi a gabanta. Wadda ta yi, an dinga yi da ita ke nan a bakin rijiya, a ce ba ta da kunya.

Ana haka Ramalan ya shigo daga masussuka, dogo kakkaura, ɗan kimanin talatin da biyu. Duk da zafin ranar nan da ƙaiƙayin da ya lulluɓe shi, rigarsa a jikinsa har wuya. Ya durƙusa daga nesa ya gaida uwarsa, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya tana kallon ƙwarya. Ya gaisa da baƙo ya wuce ɗakinsa.

A gaban Saude akwai babbar ƙwaryar fura, a gefenta kuma wani ɗan ƙoƙo mai ɗinki a baki, an rufe shi da faifai. Ishiyaku ya sha hanya, ƙishi yake ji na gaskiya, kuma ɗan ƙoƙon ya fi kusa da shi. Ya ce bismillah ya miƙa hannu.

"Kai! Ba wannan ba!"

Saura kaɗan ta buge masa hannu. Ta janye ƙoƙon, ta zuba masa daga babbar ƙwarya. Sannan ta tura ɗan ƙoƙon wajen Luba ba tare da ta dube ta ba.

"Ungo, ragowa ce. Kai wa wancan kada ta lalace."

Ishiyaku ya sha furarsa a hankali, kuma fura ce mai kyau, sai dai bai ji daɗinta ba. Ragowar da ake rufewa da faifai a hana baƙo? Da zai tafi, Luba ta rako shi zaure da guzurin gyaɗa, ya tambaye ta a hankali ko kullum ake ba maigidan wannan ƙoƙo.

"Kullum, tun damina. Ni na ɗauka rubutu take karɓo masa wajen malam take zubawa. Na yi shiru ne, ka san ba za ta so a gane ba."

Ya sa aka kira masa Ramalan, ya ce masa gobe ya zo Rano a duba jininsa, umarnin likita ne ga duk mutanen gida.

Washegari Ramalan ya zo, ya zauna a kan benci yana kallon kwalabe kamar za su fashe masa. Kafin Ishiyaku ya ɗaure masa hannu, sai da ya yi masa tambayoyi.

"Ka taɓa karɓar ƙwaya a wajen Ɗanmalam?"

"Ban taɓa ba."

"Farar ƙwayar nan da masu talla suke sayarwa a kasuwa fa, ta ciwon sanyi da gudawa? Ka faɗa min gaskiya, don ita ma tana rina min ruwa, sai ta ruɗa ni."

"Malam, ni tun da nake ban taɓa haɗiyar maganin Bature ba. In na ji jiki, sabara nake jiƙawa."

"To madalla. Zauna nan ka ga abin da idonka."

Ya ɗebi jinin, ya juya, ya tsotsi ruwan, ya tsinka, ya tace. Kusa da kwalbar Ramalan ya ajiye wata da ruwa zalla a ciki, ya ce duk abin da ya yi wa waccan zai yi wa wannan, don kada a ce ruwan ɗigawar ne ke da launi. Ya ɗiga na farko, suka jira. Ya ɗiga na biyu, suka jira, ba abin da ake ji sai agogo da kukan jaki a waje. Ya ɗiga na uku. Kwalbar ruwa ta zauna garau yadda take. Ta Ramalan kuwa ta fara sauyawa a hankali, har ta zama kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Ishiyaku ya kai ta taga ya kara. Ta ɗan gaza ta biyu, kuma haka ya kamata, tun da ya fi uwarsa jiki nesa ba kusa ba.

"Mene ne wannan?" in ji Ramalan.

"Maganin kuturta ne a jininka. Cire rigarka."

Ramalan ya cire. A bayan kafaɗarsa ta hagu akwai tabo mai haske, faɗin tafin hannu. Ishiyaku ya ce ya rufe ido, ya shafa masa auduga a wuya, Ramalan ya ce ya ji. Ya shafa a kan tabon, bai ji komai ba. Amma gefen tabon ya fara komawa launin fata, alamar an daɗe ana yaƙarsa.

"Luba ce kaɗai ta sani," in ji Ramalan, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun bazara nake ɓoyewa. Tsoro nake ji, Malam. Wa zai sayi hatsin kuturu?"

"Ba Luba kaɗai ba ce. Akwai wadda ta gani tun kafin ka fara sa riga a gona." Ishiyaku ya ɗauko kwalbar Saude ta ranar nan ya ajiye kusa da tasa. "Wannan ta Inna ce. A huɗu ya kamata ta tsaya, wata uku ke nan tana tsayawa a biyu, har an yanke za a kai ta sansani. Na rasa inda rabin yake tafiya, ashe ga shi nan. Kullum da asuba tana raba ƙwayarta biyu kamar goro, ta haɗiye rabi, ta daka rabi a ɗan ƙoƙon nan mai ɗinki."

"Furar?"

"Furar."

"Ta san za a ɗauke ta?"

"Da kunnenta ta ji dokar. Amma ka gaya min, ta yaya za ta je gaban Ɗanmalam, a cikin kasuwa, ta ce a rubuta mata ɗanta na fari? Da wane baki za ta faɗi sunan?"

Ramalan ya ɗauki kwalaben biyu, ɗaya a kowane hannu, ƙaton mutum da hannuwa kamar faranti, yana riƙe da su kamar ƙwai. Sai hawaye. Bai ɓoye ba, bai share ba.

"Shekara talatin da biyu," ya ce, "ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro na faɗo daga kan kuka na karye, kakata ce ta yi jinyata, ita ko leƙowa ba ta yi ba. Na san al'ada ce, kowa ya gaya min al'ada ce. Amma wallahi, Malam, wani lokaci nakan ce a raina ko dai da gaske ba ta damu ba."

Ishiyaku ya juya yana gyara kwalaben taga, waɗanda ba abin da ya same su. Shi ma wani ƙullin daddawa ya tuna, wanda yake iso masa daga Zinyau duk wata, a ce wai maƙwabciya ce ta aiko.

Daga nan sai ya koma malamin awo. Ya ce rabi ba ya warkar da kowa, ita bai ishe ta ba, shi bai ishe shi ba, kuma in aka ci gaba a haka su biyun za a rasa. Magani kyauta ne, ba a ce gida ɗaya mutum ɗaya ba. Abin da ake bukata kawai mutum ya tsaya a layi ya faɗi sunansa.

"Zan tsaya," in ji Ramalan. "Ko duk Kibiya za ta taru ta kalle ni."

Da Mai Lofe ya zo, Ishiyaku ya jera masa kwalaben ya yi bayani. Baturen ya fahimci awon sarai, har ya yaba. Abin da ya kasa shiga kansa shi ne dalilin da zai hana uwa faɗin sunan ɗanta. Ya tambaya sau uku, Ishiyaku ya amsa sau uku, daga nan ya gaji ya ce a dai ba ta wata guda a sake aunawa. Likita ya zuƙi lofensa ya ce wata guda, ba ƙari.

Ranar kasuwar da ta biyo, layin karɓar magani ya kai har gindin tsamiya. Saude tana cikin mata a gaba, ta karɓi nata ta koma gefe tana ɗaure shi a bakin zane. Ɗanmalam ya duba takarda, ya ɗaga murya yadda ya saba, kamar mai shela.

"Ramalan na Tarai!"

Ramalan ya fito, kai a sama, ya karɓi ƙunshinsa. Ya buɗe a nan take ya jefa ɗaya a baki, ya kora da ruwan buta. Saude ta juya baya tana duban wata akuya, kamar ba ta taɓa ganin akuya ba. Amma Ishiyaku yana kusa, ya ga ta saci kallo ta gefen lulluɓi, kuma ba ta ɗauke ido ba sai da maƙogwaron ɗanta ya motsa.

Da Ishiyaku ya zo ɗaure mata hannu bayan wata guda, ta harare shi.

"Kai dai Allah Ya yi ɗan sa ido. Mutum ba zai yi abu a cikin ɗakinsa ba sai kwalbarka ta kai rahoto."

"Aikina ke nan, Inna."

"Aikin gulma dai."

Da yamma a Rano ya juya jininta, ya tace, ya ɗiga, ya kai taga. Huɗu cif. Ya sake karawa don daɗin abin kawai, sannan ya ja layi a kan sunanta a takardar masu tafiya sansani. Ranar har Ɗanmalam ya ci gyaɗa a ɗakin, amma Ishiyaku bai ce masa komai ba.

Saude ta zauna a Tarai. Ɗan ƙoƙon nan mai ɗinki bai daina zuwa ɗakin Ramalan ba, sai dai yanzu fura ce zalla. Luba ce ta ba Ishiyaku labarin yadda ake miƙo shi. Wai kullum sai tsohuwar ta tura mata shi tana kallon wani wajen, ta ce ragowa ce, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji har ɗakin da ke kusa:

"Ki gaya wa wancan ya sha ƙwayarsa duka. In ya rage ko ɓalli, mai kwalaben nan zai gani."

Daga cikin ɗakin kuma Ramalan yakan amsa, ba da ƙarfi ba, "Na sha, Inna." Ita kuwa sai ta ci gaba da damun furarta kamar ba ta ji ba.